Garin Da Rana Ke Yi Wa Yaji

A garin Tromso, can ƙuryar arewacin ƙasar Norway, rana ba ta leƙowa tun daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu. Iyakar rabonsu da tsakar rana ɗan haske ne shuɗi-shuɗi, kamar na almuru. Wannan duhu kan jefa waɗansu cikin ƙuncin zuciya: barci ya yi yawa, jiki ya mutu, mutum ya ƙaurace wa jama'a. A 1984 ne wani likita a Amurka, Norman Rosenthal, da abokan aikinsa suka bayyana cewa ciwo ne mai zuwa da hunturu, domin ƙarancin haske yana rikita lokacin barci da farkawa.

To, da yawa daga mutanen Tromso ba sa ƙulle kansu a ɗaki. Da an tashi aiki, sai mutum ya ɗaura falankai biyu sirara a ƙafa, ya riƙe sanduna biyu, ya bi hanyar da aka gyara cikin itatuwa, fitilun lantarki jere a gefenta, yana zamewa bisa dusar ƙanƙara. Tafiya ce ta nisa, hannu da ƙafa duk suna aiki, har gumi ya karyo cikin wannan uban sanyi. Sabon shiga kam zai sha ƙasa a makon farko, amma tsofaffi da yara ma suna yi.

Motsa jiki yana sassauta ƙuncin. Wanda abin ya yi wa tsanani kuwa, likita kan haɗa masa da zama gaban fitila mai ƙarfi kowace safiya.