Da Me Ake Auna Gidan Abinci a Dutsin-Ma?

A watan Mayun 2024, littafin Michelin, wanda manyan gidajen abinci na duniya ke rububin shiga cikinsa, ya ba wani ɗan shago a birnin Meksiko tauraro guda. Sunansa El Califa de León, kuma tun 1968 yake ci. Taco iri huɗu kacal yake sayarwa, a tsaye ma ake ci. Alƙalan ba su nemi kujera ba. Naman suka auna, da wainar masarar da ake naɗe shi a ciki.

Wannan ma'auni ne Dutsin-Ma ke neman saki. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a garin a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, masu cin abinci a waje suka ƙaru, sai hukunci ya koma hannun ido: tayil, fanka, gilashi, da hoton da zai yi kyau a Facebook. Ɗalibi ya biya kuɗin ado, a miƙo masa shinkafar jiya da aka ɗumama.

Masara da barkono daga yankin Meksiko suka yaɗu a duniya, don haka tukunyar can da ta nan dangi ne. Masanin abincin can yakan fara da wainar masara: shin an dafa ƙwayar da ruwan farar ƙasa kafin niƙa, ko garin leda aka kwaɓa? A nan, tuwo ne ke wannan matsayi. Tuwon da ya ji tuƙi ba ya gudaji, ba ya warin ɗanyen gari, ba ya zubar da ruwa idan ya huce. Miyar kuka kuwa ba ta iya rufa wa mai girki asiri. In daddawa ta nuna, hanci zai shaida tun daga bakin ƙofa. In dunƙulen magi aka jibga don a ɓoye rashinta, ƙishirwar da za ta biyo baya ce shaida. Man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi, kifin Zobe ma ba zai cece shi ba.

Masu son gilashi suna da hujja guda mai ƙarfi, wato tsafta. Taifot da kwalara ba abin wasa ba ne, kuma ƙuda ba ya tausayin aljihun ɗalibi. Sai dai tsafta ba a gaban shago take zaune ba. Tana bayansa, cikin bahon wanke kwano: sau nawa ake sauya ruwan, kuma daga ina aka ɗebo shi? Mai tuwo a kasuwar Kurfi da ke girki a idon jama'a, tukunyarta ta ƙare kafin la'asar, ta fi sauƙin bincike a kan kicin ɗin da aka rufe da labule, aka rubuta a ƙofarsa cewa ba a shiga.