Zanen da na ɗaura a dandamali

Yau ba labari na kawo muku ba, ƙorafi ne.

Ni ne nake rubuta wasanninmu, ni nake ɗinka kayan wasa, in zana labulen baya, in kaɗa kalangu idan makaɗi bai zo ba. A wani shago a Fagge muke gwaji, mu bakwai, duk maza, don babu iyayen da suka yarda 'yarsu ta shigo cikinmu. Wasanmu na bana kan wata tsohuwa ne da aka saka tana da shekara sittin. Wa zai fito a tsohuwar? Na shiga Kantin Kwari na yanko atamfa, na ɗaura zani, na kafa ɗankwali. Kwana uku kafin wasa, mai zauren da muka kama a Sabon Gari ya maido mana kuɗinmu, wai ba ya ba 'yan daudu haya.

To jama'a, a gaya mini. Kun ce kada mace ta hau dandamali, kun kuma ce kada namiji ya ɗaura zani. Wa zai fito a uwa? Wa zai faɗi kukan bazawara? Kenan labarin rabin al'umma kuke so a binne.

Masu cewa baƙon abu muka kwaso daga Turai, ina suke idan azumi ya kai goma? A tashen Mairama da Daudu, yarinya ce ke sa riga da hula ta zama ango, iyayenmu suna dariya suna ba da hatsi. Ba wanda ya ce ta sauya halitta. Haka yake a wasu ƙasashe: a Ingila maza ne ke fitowa a mata har zuwa 1660, a Japan kuwa tun da aka hana mata wasan kabuki a 1629 maza suka gaji aikin.

Na san akwai maganar addini kan kamanceceniya da mata, kuma ban fi malamai sani ba. Amma a zauna a bambance mai kwaikwayo na awa guda da wanin sa. Wanda ya fito a ɓarawo ba a yanke masa hannu. Mun ga yadda aka yi a 2007 da 2008, lokacin da aka ƙona littattafai aka ɗaure 'yan fim irin su Adam Zango da Iyan-Tama. Me ya gyaru? Masu sana'a da dama suka kwashe kayansu zuwa Kaduna.

Su kuma 'yan daudun da ake zagina da sunansu, ba zan wanke kaina da zaginsu ba. Mutane ne. Da yawa daga masu tsine musu da rana, a wurinsu suke sayen shinkafa da soyayyar kaza da dare. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wasa dai ba fashi. Idan ba zaure, akwai fili. Ranar da muka yi gwajin ƙarshe, wata dattijuwa mai ƙosai ta leƙo ta tsaya har muka gama, ta share hawaye ta ce, “Ɗan nan, wa ya ba ka labarina?” Ita nake yi wa wasa.

Allah ya sa mu dace. Sai na ji daga gare ku.