Kurar Da Ke Cikin Gida: Abin Da Wani Fim Na 1941 Ya Gane Game Da Tsoro

Titin Gidan Zoo, wanda ya tashi daga gadar Dangi daura da Gyadi-Gyadi, ya haɗa abubuwa biyu da ya kamata a ce sun daɗe da sanin juna. Akwai gidan namun daji na Audu Baƙo, inda kuraye ke kai-komo a keji. Akwai kuma ofisoshi da ɗakunan tace finafinai na Kannywood a benayen bakin titi. Tsakanin kura da mai ɗaukar hoto tafiyar 'yan mintoci ce. Duk da haka, tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau, da wuya a nuna fim ɗin Hausa da ya ɗauki tsohon labarinmu na mutumin da ke rikiɗa ya zama kura cikin dare, ya yi masa riƙon mutunci.

Wasu sun yi wa irin wannan labari nasu riƙon da ya dace. A watan Disamba na 1941 kamfanin Universal na Amurka ya fitar da The Wolf Man, fim mara launi na kimanin minti 70, a kan mutumin da ke rikiɗa ya zama kyarkeci. Na san da yawa daga cikin 'yan bokonmu suna ɗaukar finafinan tsoro a matsayin shirmen yara. Ina ganin sun yi kuskure, domin wannan tsohon fim ya amsa wata tambaya da mu har yanzu muke amsawa da sanda da dutse: idan mugun abu ya auku a gari, a jikin wa ake neman sa?

Ga labarin a taƙaice. Larry Talbot, wanda Lon Chaney Jr. ya fito a matsayinsa, ya koma gidan mahaifinsa a yankin Wales na Birtaniya bayan shekara 18 a Amurka, saboda rasuwar ɗan'uwansa. Ya sayi wani kwagiri mai kan azurfa a kantin kayan tarihi, don kawai ya sami hanyar magana da Gwen, 'yar mai kantin. A daren nan kyarkeci ya far wa ƙawarta Jenny a daji. Larry ya ruga ceto, ya kashe dabbar da kwagirin, amma ta cije shi. Da aka je wurin, gawar mutum aka tarar: Bela, wani mai duba daga ƙabilar Roma masu yawo da keken doki. Mahaifiyar Bela, tsohuwa Maleva, ita ta shaida wa Larry cewa abin ya koma jikinsa.

A nan darajar fim ɗin take. Larry bai yi tsafi ba, bai nemi duniya ta hanyar asiri ba, bai gaji abin daga kakanni ba. Taimako ya je yi ya kwaso masifa. Kuma marubucin bai bar mai kallo ya tsaya a cikin taron masu farauta ba, sai ya zaunar da shi a ɗaki tare da wanda ake farauta. Muna ganinsa ya farka da safe ya tarar da sawun dabba daga taga zuwa gadonsa. Muna ganinsa ya shiga coci, kawuna suna juyowa ɗaya bayan ɗaya, har ya kasa zama. Muna jin yana roƙon a yarda da shi, mahaifinsa da likita suna cewa ruɗanin ƙwaƙwalwa ne. Daga ƙarshe mahaifin ya ɗaure shi a kujera don ya nuna masa babu komai, shi kuwa ya roƙi tsohon ya tafi da kwagirin nan. Da wannan kwagiri uban ya kashe dabbar da ta kama Gwen a cikin hazo, sannan ya tsaya yana kallon fuskarta tana komawa fuskar ɗansa. Ba a yi murna ba, domin babu wanda ya ci nasara.

Wanda ya rubuta labarin, Curt Siodmak, Bayahude ne haifaffen Dresden a Jamus, wanda ya bar ƙasar bayan hawan 'yan Nazi mulki a 1933. A cikin fim ɗin, mai rikiɗa yana ganin alamar tauraro a tafin hannun wanda zai kashe nan gaba. Masu nazari sun daɗe suna haɗa wannan da rayuwar marubucin, wanda ya ga yadda maƙwabta na jiya suka zama abin gudu, ya kuma san abin da ake nufi da a yi wa mutum alama.

Mu dawo gida. Labarin rikiɗa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, kamar yadda yake a Barno da Habasha, kuma a duk wuraren nan kura ce ke tsayawa a gurbin kyarkeci. Amma mai karatu ya lura da yadda muke ba da shi. Mai rikiɗa a bakinmu kullum wani ne can: baƙon da ba a san asalinsa ba, ko mutumin ƙarshen gari. Haka ma maita. Yaro ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, ya yi sambatu ya ambaci suna, sai a ce an kama kurwarsa. A nemo wadda ya ambata, galibi tsohuwa ce mara gata, a ce ta tsallaka shi. Daga ranar 'ya'yanta mata sun rasa manema, jikokinta sun rasa abokan wasa. Gyadi-Gyadi na maƙwabtaka da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda kowane likita ya san zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa yana sa sambatu. Amma sanin da ke cikin asibiti bai cika ƙetare katanga ya shiga lungu ba.

Abin ba ya tsayawa a tsangwama. A watan Fabrairun 2025 wata Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa ta hanyar rataya, saboda kashe wata dattijuwa mai shekara 67 a ƙaramar hukumar Wudil a 2023. Tushen zargin maitar da aka yi mata mafarki ne da matar ɗaya daga cikinsu ta yi. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mutanen nan dabba suka fita kashewa, ba su tsaya sun duba a jikin wa ta shiga a wannan rana ba.

Finafinanmu kuwa, idan sun taɓo tsoro, mafi yawansu ruwa suke ƙara wa wannan kogi. Boka a kogo da jan ƙyalle, kishiya mai asiri, tsohuwa mai jajayen idanu, daga ƙarshe asirinsu ya tonu, kowa ya ce Allah ya ƙara. Mai kallo yana tashi da tabbacin cewa shi mutumin kirki ne, mugu yana gidan gaba. Labarin da ke yi wa jama'a irin wannan daɗin baki ba ya gyara kowa.

Za a ce mini mutum ba ya zama dabba, don haka fim ɗin camfi yake yaɗawa. Ai aku ma ba ya tsara labarai dare bayan dare don ya hana ɗan sarki fita, amma ba mu taɓa zargin Abubakar Imam da yaɗa camfi a Magana Jari Ce ba. Mun san hikima ce aka sa wa rigar tatsuniya. Kuma mu ne muka rungumi Nagin na 1976 da Nagina na 1986, inda maciji da mace ke musayar siffa. Indiyawa sun ma yi Junoon a 1992, inda jarumin ke rikiɗa ya zama damisa. Abin da The Wolf Man ke nunawa ya fi kusa da karatun zaure fiye da zancen bokaye: abin da malamai ke kira nafsul ammara, wato zuciyar da ke jan mai ita zuwa ɓarna, yana ji yana gani.

Za a kuma ce fim ɗin ya tsufa, kwalliyarsa abin dariya ce. Gaskiya ne gashin da Jack Pierce ya manna wa Chaney a fuska ba zai razana yaron da ya saba da dabarun kwamfuta ba. An American Werewolf in London na 1981, wanda ya samo wa Rick Baker lambar Oscar ta kwalliya, ya fi shi ɗaukar ido nesa ba kusa ba. To amma wannan hujja ce a kanmu. A rikiɗar Larry ta farko ƙafafunsa kawai aka nuna. Dajin ma a cikin ɗakin ɗaukar fim aka gina shi, aka lulluɓe da hazo. Idan hazo da sawun ƙafa da fuskar mai roƙo sun isa, to uzurin rashin kuɗi da kayan aiki ya faɗi.

Fim ɗin yana da nasa tabo, ba zan ɓoye ba. Ta hannun baƙi 'yan Roma aka shigo da masifar garin, tsohuwar ɗabi'ar Turawa ta jingina wa wannan ƙabila duk abin da suke tsoro. Sai dai ko a nan, tsohuwa Maleva, wadda a unguwarmu ita za a fara nunawa da yatsa, ita kaɗai ce ta yarda da Larry, ta tsaya a kansa, ta yi masa rakiyar ƙarshe da tausayi.

Ga abin da nake nema daga masu ofis a Titin Gidan Zoo. Ku ba mu mutumin Tarauni, malamin makaranta ko ɗan kasuwa, mai sallah a sahun gaba, wanda ya fara farkawa da ƙasa a faratansa. Ku nuna mana matarsa da ta sani ta yi shiru, da ubansa da ya ƙi yarda, da 'yan unguwa da suka riga suka yanke hukunci a kan tsohuwar da ke sayar da daddawa. Ku bar mai kallo ya san gaskiya tun farko, ya zauna yana kallon taron na tafiya ƙofar da ba ita ba. Wanda ya kalli irin wannan fim, ranar da aka yi ihun mayya a layinsu, zai yi jinkiri kafin ya sunkuya ya ɗauki dutse.