Ƙarar salansa daban, ƙarfin mota daban

Jama'a, yau zan taɓo abin da na san zai ɓata wa wasu abokaina rai, musamman 'yan wasan mota da muke tare a nan. Ku yi haƙuri, ni ma naku ne. Waɗanda suka san ni sun san ko cikin barci na ji kukan injin V8 zan gane shi, kuma ban taɓa ɓoye cewa ina son sa ba.

Ga abin da ya jawo maganar. Wani yaro a layinmu, ɗan maƙwabcina, ya samo Mustang GT 'yar 2016, Beljiyam, tsaf da ita. Injin lita 5, silinda 8, ƙarfin doki 435 daga kamfani. Ranar da ta iso har ni na fito na sa albarka. Kukanta na asali mai daɗi ne, irin gurnanin nan na ƙasa-ƙasa da kake ji a ƙirjinka. Ba a yi sati biyu ba ya kai ta wajen mai walda. Aka yanke tukwanen salansa na baya, aka yanke tukunyar tsakiya, aka fasa katalis aka zazzage abin cikinsa, wato abin da kanikawanmu ke kira indomi, aka jona bututu zalla daga gindin injin har baya.

Tun daga ranar layinmu bai sake barcin kirki ba. Yana shigowa ƙarfe ɗaya na dare, ƙararrawar motocin mutane ta tashi, jarirai su farka. Akwai wata Hajiya tsohuwa mai fama da hawan jini da tagar ɗakinta ke kallon get ɗinsu, ranar farko ta ɗauka harbi ake yi. A garin da mutane suka san ƙarar bindiga, wannan ba abin dariya ba ne. Shekaranjiya sai da mai unguwa ya sa baki. Daga nan yaron ya zo wurina ransa a ɓace, ya ce, "Yaya, kai da ka san mota ka faɗa musu mana. Wallahi ba don gayu na yi ba, ƙarfi na ƙara mata."

To a nan gizo ke saƙar. Ban faɗa musu ba, don ba gaskiya ba ne. Kuma ba shi kaɗai ke da wannan fahimta ba, shi ya sa na kawo maganar nan.

Injin mota shaƙa yake yi ya fitar. Kowace silinda idan ta ƙona mai sai ta tofo hayaƙi, ba a jere kamar ruwan famfo ba, a'a, dunƙule-dunƙule. Idan dunƙulen farko ya fita da gudu, yana barin gurbi a bayansa, wannan gurbin shi ke zuƙo hayaƙin silinda ta gaba. Silindar da aka kwashe mata hayaƙi tas ita ke samun wurin shaƙar sabuwar iska da mai, daga nan ƙarfi ke zuwa. Abin da ake nema ke nan: hayaƙi ya fita ba tare da an tare shi ba, kuma ya fita da gudu. Ku dubi kwata a lokacin damina. Idan daidai take da ruwan, ruwa na gudu yana tafiya da shara. Idan ta yi faɗi fiye da kima, ruwan ya kwanta, dagwalo ya taru. Haka bututun salansa yake. Ka sa mai faɗin da ya fi ƙarfin injinka, hayaƙi ya rage gudu, motar ta yi sanyin fizga a ƙananan giya, wato daidai inda kake tuƙi kullum a cikin gari.

Wasu kanikawa za su ce maka injin na buƙatar a ɗan toshe masa hayaƙi. Wannan ma kuskure ne. Ba toshewa yake so ba, gudun hayaƙi yake so.

Yanzu nawa ake samu? A mota irin tasa, marar turbo, idan ka canza salansa daga bayan katalis zuwa baya da kaya masu kyau, abin da aka saba gani a na'urar auna ƙarfin injin bai cika wuce doki goma zuwa sha biyar ba, wani lokacin ma bai kai ba. A kan 435 fa. Kashi biyu ko uku cikin ɗari. Babu mazaunin da zai ji wannan a kujera. Abin da kake ji kunnenka ne ke yaudararka: ƙara ta ninka, sai zuciya ta ce gudu ya ninka. Ƙarin da ake iya ji yana zuwa ne idan an canza manifol ɗin da ke manne da injin, sannan wanda ya san aikin ya sake saita kwamfutar motar ta dace da sabon numfashin. Motoci masu turbo su ne suka fi cin ribar buɗe hanyar hayaƙi, su ma sai da saiti. Mai waldan da ya yi wa yaron nan aiki bai taɓa kwamfuta ba, bai auna komai ba. Ido da zarto kawai. Lanƙwasar bututun ma duk ta maƙure, ga ɗigon walda a ciki.

Na tambaye shi, ya tafiyar Kaduna ta kasance? Sai ya yi shiru, sannan ya ce kansa ya yi ciwo. Na san za a rina. Akwai wani gunji da ke cika cikin mota idan injin na juyi wajen 2,000 a minti, daidai gudun babbar hanya. Ba kukan nan mai daɗi ba ne, wani "wuuuu" ne da ba ya yankewa, ba ka jin rediyo, ba ka jin na kusa da kai. Tukunyar tsakiyar da ya yanke, aikinta ke nan, ta kashe wannan gunjin. Injiniyoyi sun auna tsawonta da faɗinta don sautin ya ci karo da kansa ya mutu. Kamfani irin Corsa a kan magance wannan gunjin ya yi suna. Shi kuwa ya biya kuɗi an cire masa maganin, an bar shi da cutar.

Amma abin da ya fi ƙona min rai shi ne indomin. A cikinsa akwai ƙarafa masu tsada, falatinam da faladiyam da rodiyam, su ke juya iskar guba irin kabon monoksaid ta koma mai sauƙin illa. Tsadarsu ce ta sa ɓarayi ke bin ƙarƙashin motoci da zarto, ita ce kuma ta sa wasu masu gyara ke saurin ce maka "ya toshe, a cire". Na ce masa, da aka zazzage naka, an ba ka? Ya ce a'a. To ka ga. Yanzu duk wanda ya tsaya bayan motarsa a cunkoso, ɗan acaba ne ko mai talla, shi ke shaƙar warin ɗanyen fetur. Ga fitilar cek injin ta kama ta ƙi mutuwa, domin sensar da ke bayan katalis ta gane ba ya aiki. Hatsarin a nan shi ne, ranar da wata matsala ta gaske ta taso, fitilar da za ta gaya maka dama a kunne take, ka riga ka saba da ita.

Batun harbin nan kuwa na "fat-fat-fat" da ake saitawa idan an saki totur, mai ne ake sa wa ya ƙone a cikin bututu maimakon cikin silinda. Ko doki ɗaya ba ya ƙarawa, zafi kawai yake tara wa salansa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san kuɗin lita, ban ga hikimar ƙona shi don tsorata tsofaffi ba.

Wani zai ce, motarsa ce, kuɗinsa ne, kuma janareto da DJ na biki sun fi shi damun mutane. Na yarda da rabin maganar, waɗancan ma laifi ne, kuma muna da dokar hayaniya ta hukumar NESREA tun 2009 da kusan ba wanda ke jin ɗuriyarta. Amma motar ce tasa, kunnuwan mutanen layi ba nasa ba ne. A Amurka inda aka ƙera motar, jihar Kalifoniya ta ƙayyade desibel 95 ga ƙananan motoci. Birnin New York ya kafa kyamarori masu kunne a tituna, ka wuce da ƙarar da ta haura ƙa'ida takarda ta same ka a gida, dala 800 a karon farko.

Abin da ya fi burge ni ma daga kamfanin Ford ɗin kansa ya fito. Wani babban injiniyansu, Steve von Foerster, ya tayar da Shelby GT350 da safe a unguwarsu, maƙwabci ya kira masa 'yan sanda. Bai ce ana masa hassada ba. Ya koma wurin aiki suka zauna, sai ga Mustang GT ta 2018 da zaɓin salansa mai bawul. Bawul ɗin na rufe hanya hayaƙi ya bi ta cikin tukunya, ko ya buɗe ya bi miƙe. Har lokaci kana iya saita mata, ka ce daga 8 na dare zuwa 7 na safe ta tashi a hankali. Sun ce yana sauke ƙarar da kusan desibel 10, zuwa 72. Kada ku raina goman nan, a kunnen mutum kusan rabin ƙarar ne ya tafi. Kuma motar ta fito da doki 460, ta fi tasa ƙarfi.

Shawarar da na ba shi ke nan, ita zan ba duk mai niyya. A bar katalis a wurinsa, in ya mutu a sa wani. A bar tukunyar tsakiya. A sayi salansa mai bawul da aka ƙera don wannan motar, na ƙarfen da ba ya tsatsa, faɗin bututun daidai da injin. In kuɗi bai kai ba, a haƙura da na kamfani har ya kai, don wallahi na kamfanin ma ba baya ba ne. In an fita filin wasa ko bayan gari a buɗe bawul a ji daɗi, ni ma a kira ni.

Da ya lissafa kuɗin sabon katalis guda biyu da na salansar, sai da ya cire hula ya share gumi. Ya koma wajen mai waldan neman indominsa, an ce masa yara sun share an zubar. Kafin kayan su iso, mai unguwa ya yanke cewa in ya wuce ƙarfe tara na dare, ya ajiye motar a gidan man bakin titi ya tako da ƙafa. Jiya na gan shi yana shigowa da makulli a hannu, har ya tsaya ya gaida Hajiya ta taga.