Jijiyoyi 12 da Marin Aljani

Duk wanda ya bi ta ɗakunan kwanan masu koyon aikin likita da dare ana gab da jarrabawa zai ji wani gunaguni yana tashi kamar na makarantar allo. Mu ne muke bitar sunayen jijiyoyin nan guda 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, bibbiyu dama da hagu, su ratsa ƙofofin ƙoƙon kai su bazu cikin fuska da wuya. Da yake sunayen na Latin ne, harshenmu ba ya kama su da sauƙi, sai aka ba mu wata 'yar waƙar Turanci a kan wani dutse na ƙasar Girka wanda babu wanda ya taɓa ganinsa a cikinmu, aka ce harafin farko na kowace kalma shi ne mabuɗin sunan jijiya. Watau muna haddace waƙar da ba mu fahimta ba domin mu tuna sunayen da ba mu fahimta ba. Mu ci jarrabawa, bayan wata uku kuma komai ya bi iska.

Kada wani ya ce muna ƙin hadda. Mu jikokin mahaddata ne, a gidajenmu na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi akwai tsofaffin da suka rubuta Alƙur'ani da ka. Amma a can an san cewa bayan sauka akwai karatun littattafai, kuma ba a kiran mutum malami sai ya iya warware wa jama'a matsala da abin da ya haddace. Abin da muke ƙi shi ne haddar da iyakacinta ƙofar ɗakin jarrabawa.

Ga abin da ya sami ɗaya daga cikinmu da ya je hutu gida. Gwaggonsa ta kawo masa wani maƙwabci wanda ya wayi gari bakinsa ya karkace, ido ɗaya ba ya rufuwa, ruwa na zuba idan ya sha. Mutanen unguwa sun riga sun yanke hukunci, sun ce aljani ne ya mare shi. Gwaggo ta ce, "To, ɗana, kai da kake karatun likita, mene ne wannan?" Ɗan'uwanmu ya iya jero jijiyoyin nan daga ta farko har ta ƙarshe ba tuntuɓe, amma bai sami kalma ɗaya ta Hausa da zai faɗa wa mutumin ba. Aka tashi aka tafi neman hayaƙi.

Alhali kuwa amsar tana cikin abin da ya haddace. Jijiya ta bakwai ita ce ke motsa naman fuska. Da ya ce wa mutumin ya ɗaga gira, da ya raba gardama nan take. Idan rabin fuskar duka ya mutu har da goshi, to jijiyar ce kanta ta kumbura a hanyarta, kuma yawancin masu wannan lalura suna warkewa cikin makonni ko 'yan watanni, musamman in an ba su magani a kwana ukun farko, an kuma kare idon da ba ya rufuwa don kada ya bushe. Idan kuwa goshi yana tattaruwa, baki ne kawai ya karkace, to a ji tsoron shanyewar ɓarin jiki, a garzaya asibiti. Gwajin da ba ya cin ko kwabo, amma an koya mana shi a matsayin amsar tambaya ta tara a takardar bara.

Haka sauran suke, kowacce tana da fuska a garuruwanmu. A ƙarshen shekarar 2016 annobar sanƙarau ta tashi daga ƙaramar hukumar Zurmi, kafin ta lafa a 2017 an ƙidaya mutum fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 1,100 suka rasu. Kafin ita akwai ta 1996, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Zamfara, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar nan. Ana ƙidaya matattu, amma wa ke bin sawun waɗanda suka tashi? Sanƙarau yakan lalata cikin kunne da jijiya ta takwas, mai ɗauke da ji da daidaiton tsayuwa, sai yaro ya warke ya koma gida kurma, a ce taurin kai ne, a yi ta bugunsa don ba ya amsa kira. Likitan da ya san jijiya ta takwas da gaske ba zai sallami yaron da ya yi sanƙarau ba sai ya gwada jinsa. Kuma yaron da idonsa ya karkato wajen hanci yana ganin abu bibbiyu, jijiya ta shida ce ke yi mana ishara cewa matsi ya yi yawa cikin ƙoƙon kai.

Ku dubi kuturta. Me ya sa da yawa daga masu ita suke makancewa? Cutar takan kama jijiya ta bakwai, fatar ido ta kasa rufuwa, ta kuma kama ta biyar, mai kai wa ƙwaƙwalwa labarin abin da ya taɓa fuska, sai ƙurar hunturu ta faɗa idon mutum bai ji ba balle ya ƙifta. A hankali ido ya yi gyambo ya tafi. Da ɗan zaren auduga ake gwada wannan. Ku dubi kuma ɗan acaɓan da ya faɗi a hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ya bugu a ka. In aka haska tocila aka ga ɗigon tsakiyar ido ɗaya ya buɗe ba ya tsukewa, jijiya ta uku ce aka danne, wataƙila jini na taruwa a ciki, kuma ba a kwana da irin wannan, sai a nufi Gusau ko Sakkwato. A inda babu injin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, jijiyoyin nan 12 su ne tagogin da likita yake leƙa cikin kai da su. Saboda haka mu da za mu yi aiki a karkara mun fi ɗalibin London bukatar saninsu.

Masu kare tsohon yayi suna cewa haka ilmin yake, ba a taɓa shi. Tarihi bai goyi bayansu ba. Jalinusu, babban likitan zamanin Rumawa, bakwai ya ƙidaya, Ibn Sina ya bi shi a kan haka. Tomas Wilis na Ingila ya mai da su tara a 1664, sannan Somarin Bajamushe ya raba su 12 a 1778. Lissafin da muke rantsuwa da shi aikin mutane ne masu feɗewa da dubawa da gardama. Wajen shekara ta 1200, Abdullaɗif Albagadadi ya duba ɗimbin ƙasusuwan waɗanda yunwa ta kashe a Masar, ya ga muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne, ba biyu ba kamar yadda Jalinusu ya ce, ya kuwa rubuta cewa abin da ido ya gani ya fi abin da aka ji. Gani ya kori ji ke nan. Mu kuwa mu ashirin a kan gawa ɗaya, na baya ba ya hangen komai sai ƙeyar na gaba, daga nan kowa ya koma ga takardun da aka gada kaka da kakanni.

Wasu kuma suna cewa Hausa ba za ta iya ɗaukar wannan ilmi ba. Mun yarda akwai aiki. Kalmar jijiya ɗaya ce muke kiran hanyar jini da ita, da igiyar da ke ɗaure nama da ƙashi, da kuma wannan farin zare mai kai saƙo. Amma wa zai rarrabe su in ba mu ba? Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta littattafai a kan magani, har da na basir, domin amfanin jama'arsa. Ba mu ce a jefar da Latin da Turanci ba, da su za mu yi magana da likitocin duniya. Sai dai mara lafiya a Zurmi da Hausa zai faɗi ciwonsa, da Hausa kuma zai karɓi bayani ko ya ƙi. In muka kasa yi masa bayani, mai cewa marin aljani ne ya fi mu, domin shi ya ba da amsa a harshen da ake ji.

Don haka ga bukatunmu. Na farko, a haɗa kowace jijiya da mara lafiya tun shekarar da ake koyon ƙirar jiki, kada a jira sai an shiga asibiti an riga an manta. Na biyu, a jarrabawar baka a sa ɗalibi ya gwada jijiyoyin a jikin mutum da tocila da auduga, kana ya bayyana abin da ya gani da harshen da mara lafiya zai gane. Na uku, ƙungiyarmu ta zauna da malaman sashen Hausa na Zariya da Kano da Sakkwato a tsara sunayen sassan jiki, a buga su a wannan mujalla a yi muhawara a kansu. Na huɗu, 'yan'uwanmu da suka riga mu shiga ma'aikatun gwamnati su tuna cewa ba wanda zai zauna aiki a asibitin karkara in babu tsaro a hanya, babu gida, babu albashi a kan kari.

Mu ma da namu laifin. Mu ne muke farautar tambayoyin bara maimakon littafi, mu ne kuma muke lissafin ranar da za mu sami takardar fita waje tun ba mu iya riƙe tocila ba. Kuɗin talakawan Ƙaura da Shinkafi da Zurmi na cikin abin da aka gina ɗakunan karatun nan da shi, kuma bashi ne a wuyanmu. In mun je hutu mai zuwa, gwaggo za ta sake kawo wani mai karkataccen baki, ta sake tambaya. Allah ya sa a wannan karon mu ce masa, "Baba, ɗaga girarka mu gani."