Martani: Karatun Kiɗa Ba Ɓata Lokaci Ba Ne

An rubuta cewa wani ɗan Zagga da ya nemi digiri na biyu a fannin tsara kiɗa ɓata lokacinsa yake yi, tunda Narambaɗa da Ɗanƙwairo ba su shiga jami'a ba. Gaskiya ne ba su shiga ba, amma wa ya ce ba su yi karatu ba? Shekaru ɗan amshi ke yi a bayan maigidansa, yana koyon inda kotso ke faɗuwa, kafin a bar shi ya ja baiti. Wannan makaranta ta fada tana janyewa, to ina mai koyo zai nufa? Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961. An kuma ce babu aikin yi ga mai digirin kiɗa. Wa ke tsara kiɗan finafinan Kano da tallan rediyo? Gogen Dandawa da ke tsallaka iyakar Benin ta Bagudo kuma yana buƙatar mai iya rubuta shi a takarda kafin tsofaffin masu goge su ƙare.