Halifan Da Aka Wanke Da Ruwan Soyayya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwana matasa, yau zan yi magana a kan The Wrath and the Dawn, littafin da marubuciyar Amurka Renée Ahdieh ta fitar a 2015, ta biyo shi da The Rose and the Dagger a 2016. Ta ɗauko shi ne daga Dare Dubu da Ɗaya. Khalid, halifan Hurasan mai shekara 18, yana auren budurwa kowane dare, da asuba a kashe ta. Shahrzad 'yar shekara 16 ta miƙa kanta gare shi domin ta ɗauki fansar aminiyarta Shiva, sai ta ɓige da son sa.

Ban zo in ce karanta ƙagaggen labari haramun ne ba. Da Magana Jari Ce muka tashi. Abin da nake ƙi shi ne uzurin da littafin ya nema wa mai kisa. An bayyana cewa mahaifin matarsa ta farko ne ya tsine masa: ko ya ba da rayuka 100, ko masifa ta auka wa ƙasarsa. Daga nan sai tausayin mai karatu ya koma kan Khalid, 'yan matan da aka binne kuwa su zama lissafi kawai. Subhanallah! Malamai sun haɗu a kan cewa tilastawa ba ta halatta wa mutum kashe wanda bai ji ba bai gani ba, ko da ransa ne a kan layi, domin ransa bai fi na wancan daraja ba. To ina ga tsinuwar wani mutum?

Wani zai ce ai almara ce. Na ji. Amma budurwar da ta kwana tana kuka saboda Khalid, darasi ta ɗauka: cewa azzalumi mai ɓoyayyen ciwo ya cancanci haƙuri, kuma soyayyarta za ta gyara shi. Wannan darasi ya hallaka mata da yawa a gidajen aure.

Sai kuma tarihi. An ari kalmar halifa da sunan Hurasan, aka bar abin da ya ba su ma'ana. Hurasan ita ce ƙasar Imam Muslim na Naisabur da ya rasu a 875, da Imam Gazali na Tus da ya rasu a 1111. Daga yankin Marwa juyin Abbasiyawa ya tashi a 747. Rayyi da aka mayar fadar Khalid kuwa tana kusa da Tehran ta yau, a wajen Hurasan.

Wanda zai karanta ya karanta da idonsa a buɗe, ya riƙa tuna Shiva duk lokacin da aka so ya manta da ita. Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta. Wassalam.